Mai Sanin Hanya: Jagororin Kudancin Kano da Takwarorinsu na Tsaunukan Suwizalan

Matafiyin da ya bar Kano ya nufi Jos zai yi tafiya mai nisa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Zai wuce ta ƙasar Bebeji, ya karkata a Kwanar Ɗangora cikin ƙaramar hukumar Kiru, ya ratsa Tudun Wada, sannan ya shiga dajin Falgore. Sai ya fita dajin ya shiga ƙasar Doguwa zai ga duwatsu sun taso a gabansa, har su kai ga na Riruwai, waɗanda suka haura mita 1,000 daga saman teku, kuma babu inda ya fi su tsawo a jihar Kano. A yau kwalta ce ke nuna hanya. Shekaru ɗari biyu da suka wuce mutum ne ke nuna ta, kuma ran kowa a ayari yana hannun wannan mutum.

A daidai zamanin da Turawa na farko ke ratsa wannan yanki bisa jagorancin fatake, wasu Turawan suna can a tsaunukan Alps na Suwizalan suna bin makiyaya da mafarauta zuwa ƙololuwar da ba a taɓa takawa ba. Ilimin da aka dogara da shi a wuraren biyu iri ɗaya ne, wato sanin ƙasa da ake samu da ƙafa, ɗa ya gada daga uba. Amma a Suwizalan ya zama sana'a mai lasisi wadda ake ci da ita har gobe, sunayen masu ita na farko kuma suna cikin littattafai. A kudancin Kano sana'ar ta shuɗe, sunayen ma sai ɗaiɗaiku. Dalilin wannan bambanci shi ne abin dubawa.

Ayari da shugabanninsa

Fatauci mai nisa a ƙasar Hausa yana da tsari. Madugu shi ne shugaban ayari, shi ke yanke ranar tashi, shi ke magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Jagaba shi ke gaba, yana duba hanya, yana zaɓen zango, yana sauraron labarin 'yan fashi da na cikar rafuka. Uban dawaki yana kula da tara kuɗin da ake biya a kan hanya, irin su garama da kuɗin fito. Akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja yakan yi watanni kafin ya isa, kuskuren jagaba guda kuwa yana iya cinye dukiyar ɗaruruwan mutane.

Bebeji tana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Zariya, saboda haka ta zama matattarar fatake. Ta nan Hugh Clapperton ya bi a watan Yulin 1826, a tafiyarsa ta biyu, wadda ya faro daga Badagry a ƙarshen 1825. Ya bayyana ta a matsayin babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. Tun yana Kaiama a ƙasar Bargu ya gamu da wani ayarin Hausawa mai mutum kusan 1,000 yana dawowa daga Gwanja, ya kuma shiga ciniki da shugabansa kan yadda za a kai masa kaya. Wannan ya nuna matsayin kowa a lokacin. Bature baƙo ne mai neman a ɗauke shi, hanya kuwa ta masu ita ce, baƙo ko da ido makaho ne.

Cikin mutanen Clapperton akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi daga jirgin bayi, ya yi aikin jirgin ruwa, sannan ya dawo a matsayin tafinta. Da Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander ya komo Kano tare da Pasko, suka sake bi ta Bebeji suka yi kudu, da nufin isa kogin Kwara. Sun yi nisa cikin ƙasar duwatsu kafin mahayan Sarkin Zazzau su cim musu su mai da su Zariya. A 1830 Pasko ya sake raka Lander da ƙaninsa John a tafiyar da ta tabbatar wa Turai inda Kwara ke faɗawa teku. Lander ya sami lambar yabo ta ƙungiyar masana ƙasa ta Landan. Abin da ya fi yawa game da Pasko a littattafan tafiyar kuwa shi ne labarin gudunsa da aure-aurensa, ana ba da shi don raha.

Akwai waɗanda suka fi shi dacewa. A 1882 Bajamushe Eduard Flegel ya isa tuddan Adamawa, inda Binuwai ta samo asali, bisa jagorancin Madugu Mohamman Mai Gashin Baki. A 1884 ya tafi da shi Berlin tare da Madugu Ɗan Tambari, ya kuma buga labarinsu a shekara mai biyowa. Dorugu, yaron da ya raka Heinrich Barth har Tambutu ya kuma bi shi Ingila a 1855, ya faɗi tarihin rayuwarsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta. Ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Nasarawa, wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Shi kansa Vischer haifaffen Basel ne a Suwizalan. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sunaye sun tsira ne saboda wani baƙo ya ga damar rubuta su.

Duwatsun Riruwai da masu narka kuza

Masana ƙasa sun nuna cewa duwatsun Riruwai gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu fiye da shekaru miliyan 150 da suka wuce, ruwa da iska suka zaizaye samansa, suka bar zoben duwatsu. Suna cikin jerin duwatsun da suka miƙe daga Jos har Ayar a Nijar, kuma a cikinsu kuza take. Ruwan da ke gangarowa daga wannan yanki yana cikin abin da ke ciyar da kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun san rafin da ke ɗauke da baƙin yashin kuza. Sukan wanke shi, su narka a tanderun laka, su zuba narkakken a mazubi ya fito siri-siri kamar tsinke. Fatake na kai waɗannan tsinkaye kasuwannin Kano da na bakin Binuwai, maƙera na yin kayan ado da su. Mafarauta da manoman da ke zaune a gindin duwatsun, har da Kurama, su ne suka san mashigai da kogunan dutse da wuraren da ruwa ba ya ƙafewa da rani.

A ƙarni na 19 wannan sani ya zama makamin yaƙi. Wajen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka fake a duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mazauna wurin. Daga nan magadansu, irin su Ɗan Maje da Haruna, suka shafe shekaru suna kai hari kudancin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su bai gama da su ba, domin doki ba ya da amfani a inda sai mai sanin mashiga ke wucewa. Hare-haren nan ne suka sa wasu daga masu narka kuza na Riruwan Kano suka yi ƙaura zuwa Riruwan Dalma a ƙasar Bauchi.

Tsinkayen kuza da ke yawo a kasuwa su suka ja hankalin Kamfanin Neja. A 1902 kamfanin ya tura injiniya George Nicolaus ya bi sawun ƙarfen har rafukan da ke gangarowa daga tudun Jos, a 1903 kuma H. W. Laws ya biyo baya ya kafa sansani. Littattafan mulkin mallaka sun kira wannan gano kuza, alhali mutanen da suka nuna musu rafukan sun gaji aikin ne kaka da kakanni. Ba a daɗe ba dokokin ma'adinai suka mallaka wa gwamnati abin da ke ƙarƙashin ƙasa, aka raba wa kamfanoni filaye, narkar gargajiya ta mutu, jikokin masu tanderu suka koma lebura a ramukan wasu.

Hanyar Bebeji ma ta ga irin nata. Ranar 29 ga Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a farkon Fabrairu, aka kashe sarkin garin da mutanensa da dama, ranar 3 ga wata Kano ta faɗi. Rundunar ba ta yi lalube ba, domin shekaru kafin nan Lugard yana karɓar rahotanni kan hanyoyi da ganuwoyi daga 'yan leƙen asiri irin su Adamu Jakada, wanda ke shiga Kano da sunan fatauci. Da ɗan gari akan ci gari.

Yadda makiyayan Suwizalan suka zama jagorori

Mutanen Alps ba su tashi da sha'awar hawan tsauni ba. Kamar yadda Kanawan dauri suka bar Dala ga Barbushe da Tsumburbura, haka su ma suke ganin ƙololuwa mazaunin abubuwan tsoro ce. A 1387 hukumar birnin Lucerne ta ɗaure wasu malaman coci shida saboda sun yi yunƙurin hawa tsaunin Pilatus, don an yi imani taɓa tafkin da ke can yana jawo guguwa. Har a 1723 wani masani na Zurich, Johann Scheuchzer, ya buga littafi mai ɗauke da jerin dodannin da aka ce an gani a duwatsun ƙasar. Masu hawa sama su ne waɗanda yunwa ta kora, wato makiyayan da ke kai shanu tuddai da bazara, da mafarautan wata akuyar daji mai zama kan duwatsu, da masu neman duwatsu masu ƙyalli don sayarwa.

Canji ya zo daga birni. A 1760 wani masanin Geneva, Horace-Bénédict de Saussure, ya sa lada ga duk wanda ya samo hanyar hawa Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a Alps, mai kimanin mita 4,800, wanda ke kan iyakar Faransa da Italiya a yau. Sai ranar 8 ga Agustan 1786 wani mafarauci, Jacques Balmat, da likitan ƙauyen Chamonix, Michel Paccard, suka kai ƙololuwa. A shekara mai zuwa Saussure ya hau da kansa tare da jagorori 18. A cikin Suwizalan kanta, 'yan'uwa biyu daga gidan Meyer na garin Aarau sun hau Jungfrau a 1811, kuma mafarauta biyu daga yankin Valais ne suka kai su.

Daga 1854 zuwa 1865 aka hau mafi yawan manyan tsaunukan Alps a karon farko. Masu biyan kuɗin galibi Ingilishi ne, lauyoyi da malaman jami'a da limaman coci masu dogon hutu, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta mahaya tsauni a Landan a 1857, shekaru shida kafin 'yan Suwizalan su kafa tasu. Masu yin aikin kuwa ƙauyawa ne. Jagora shi ke gaba da gatari yana sassaƙa matakai a jikin ƙanƙara, wani lokaci ɗaruruwa a yini. Shi ke gane inda dusar ƙanƙara ta rufe rami, shi ke riƙe igiya idan baƙo ya zame, shi ke cewa a juya idan sama ta ɓaci.

Christian Almer na Grindelwald, wanda aka haifa a 1826, makiyayi ne mai yin cuku. A 1854, da ya ji wani lauya Ba'ingile, Alfred Wills, ya tasar wa Wetterhorn da jagorori na wani wuri, sai shi da wani ɗan'uwansa suka bi su a baya ɗauke da ƙaramar bishiya don su kafa a ƙololuwa, kada baƙi su riga su a tsaunin garinsu. A 1858 shi da Peter Bohren suka kai Charles Barrington kan Eiger. A 1896, yana ɗan shekara 70, ya sake hawa Wetterhorn tare da matarsa don murnar cikar aurensu shekara 50. Melchior Anderegg na yankin Meiringen, mafarauci kuma masassaƙi, shi ya daɗe yana jagorantar Leslie Stephen da Lucy Walker, mace ta farko da ta hau Matterhorn a 1871.

Ba a zauna lafiya ƙalau tsakanin jagora da mai biyansa ba. Ranar 14 ga Yulin 1865 mutum bakwai suka hau Matterhorn, mai mita 4,478, a karon farko. A hanyar saukowa wani saurayi, Douglas Hadow, ya zame, ya ja mutum uku, ciki har da jagora Michel Croz, igiya ta tsinke, su huɗu suka halaka. Edward Whymper ya tsira tare da jagorori biyu na Zermatt, Peter Taugwalder da ɗansa. Nan da nan raɗe-raɗi ya bazu cewa dattijon ne ya yanke igiyar don ya ceci kansa. Binciken hukuma bai same shi da laifi ba, amma zargin ya bi shi har kabari, yayin da littafin Whymper na 1871 ya zama shi ne labarin da duniya ta sani. A can ma mai alƙalami shi ke da rinjaye.

Abin da ya raba hanyoyin biyu

Abu na farko shi ne takarda. Bayan hatsarin 1820 a Mont Blanc, inda jagorori uku suka mutu, mutanen Chamonix suka kafa ƙungiyar jagorori a 1821, mai tsarin karɓa-karɓa wajen rabon baƙi da asusun taimakon iyalan mamata. A 1856 yankin Bern na Suwizalan ya yi dokar da ta wajabta wa jagora lasisi da wani ɗan littafi da yake yawo da shi. Duk baƙon da ya yi tafiya da shi zai rubuta a ciki inda suka je da yadda ya same shi. Littafin na jagora ne, a aljihunsa yake kwana, da shi yake neman aiki na gaba. An buga hoton shafukan littafin Almer a 1896, mai ɗauke da shaidun da suka faro daga 1856 zuwa 1894. Ta haka sunan makiyayi ya shiga tarihi ta wata ƙofa da ba sai marubuci ya yi masa alfarma ba.

Madugan Hausa ba jahilai ba ne, suna da malaman ayari, suna riƙe wasiƙun sarakuna, wasu ma sun rubuta jerin zangogi da ajami. Sai dai shaidar ƙwarewar jagaba tana bakin mutane ne, a zango da kasuwa, kuma ta wadatar muddin ayari na tafiya. Da ayari ya tsaya, shaidar ta tafi tare da masu ba da ita.

Abu na biyu shi ne jirgin ƙasa, wanda ya yi aiki biyu masu karo da juna. A ƙasar Hausa ana biyan jagaba ne don a isa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya bi ta Ɗangora da Madobi, tafiyar kwanaki daga Zariya ta koma ta sa'o'i. Goro ya koma zuwa ta teku da jirgi daga Ikko, manyan fatake irin su Alhassan Ɗantata suka juya ga cinikin gyaɗa. Ƙaramin layin da aka ja daga Zariya zuwa filayen kuza, wanda ya kai Bukuru a 1914, ya ɗauke kayan da dā ake ɗauka a ka. Babu mai neman jagaba kuma. A Suwizalan kuwa hawan kansa shi ne hajar, ba a zuwa ƙololuwar Matterhorn don a sayo wani abu. Saboda haka kowane sabon layi ƙarin baƙi ya kawo. Thomas Cook ya kai rukunin 'yan yawon buɗe ido na farko ƙasar a 1863, jirgi ya isa Zermatt a 1891, ƙauyen makiyaya ya cika da otal-otal. Sana'ar ma ta ƙetare teku: Matthias Zurbriggen ya hau Aconcagua a Ajantina a 1897, kamfanin jirgin ƙasa na Kanada kuma ya ɗauko jagororin Suwizalan a 1899 don su yi wa baƙin otal-otal ɗinsa aiki.

Abu na uku shi ne mallaka. Tuddan kiwo na ƙauyukan Suwizalan da yawa mallakar jama'ar ƙauyen ne tun ƙarnoni, dokar jagoranci kuma hukumarsu ce ta yi ta. Mutanen Riruwai kuwa sun wayi gari an mai da duwatsunsu filin kamfani bisa dokar da ba a shawarce su a kai ba.

Halin da ake ciki

Sanin ƙasa bai ƙare a kudancin Kano ba. Dajin Falgore, wanda ya shafi Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi tun zamanin Turawa, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. A shekarun da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi hanyar Jos, mafarauta da makiyayan yankin ne suka san lungunan da ake ɓoyewa, kuma jami'an tsaro sun sha dogara da su. A Riruwai, inda aka taɓa haƙa rami mai zurfi a jijiyar kuza mai tsawon kusan kilomita biyar, ana ta maganar farfaɗo da haƙar ma'adinai, masu zuwa duba wurin kuma har yanzu ɗan gari suke nema ya shige musu gaba. Haka ɗaliban ilimin ƙasa da jami'o'i ke kawowa, haka matasan birni da suka fara sha'awar hawan dutse a ƙarshen mako.

Yawancin masu nuna hanyar nan ana sallamarsu ne da ɗan abin goro, kuma sunansu ba ya shiga rahoton kamfani ko kundin digiri. Abin da yankin Bern ya yi a 1856 bai buƙaci kuɗi mai yawa ba: rajistar waɗanda jama'a suka shaida sun san ƙasar, farashi sananne, da littafi a hannun kowane jagora. Ƙaramar hukumar Doguwa, wadda hedikwatarta ke Riruwai, tare da masu unguwanni da ƙungiyoyin mafarauta, suna da ikon yin kwatankwacinsa. Akwai kuma aikin da ya fi wannan gaggawa, wato a zauna da dattawan da suka yi aikin kuza a shekarun 1950 da 1960, a rubuta sunayen rafuka da mashigai da tsofaffin tanderu daga bakinsu, tare da sunan wanda ya faɗa. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ya haura shekara saba'in.